Idan doka ta halatta zalunci, wa za a yi wa biyayya? Amsar malaman falsafar Kirista

A ranar 12 ga Afrilun 1963, 'yan sanda a birnin Birmingham na jihar Alabama ta Amurka suka kama Martin Luther King. Laifin da aka kama shi da shi ba ya buƙatar dogon bincike, domin kotu ta ba da umarnin hana zanga-zanga, shi kuwa ya fito da rana tsaka ya jagorance ta. Yana tsare aka shigar masa da jarida mai ɗauke da sanarwar wasu malaman addini takwas, dukkansu farar fata, waɗanda suka ce zanga-zangar ba ta dace da lokacin ba, kuma kotu ce wurin neman haƙƙi.

Wasiƙar da King ya rubuta musu daga kurkuku, mai kwanan watan 16 ga Afrilu, ta fuskanci tambayar da ta fi kowace nauyi. Mutumin da yake kira ga jama'a su bi hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1954, wanda ya haramta raba makarantun baƙaƙe da na farare, da wane baki zai karya wata dokar? King limamin Baptis ne, amma wajen amsawa sai ya jingina da malamai biyu da Cocin Katolika ke ji da su, wato Agustin da Toma Akwinas. Ya ce doka iri biyu ce, ta adalci da ta zalunci, kuma wadda ba ta da tushe a cikin dokar halitta da madawwamiyar dokar Allah ba ta da haƙƙin a yi mata biyayya.

Waɗannan kalmomi suna da tarihin da ya haura shekara dubu biyu. Sanin ma'anarsu yana taimakawa wajen warware tambayoyin da ba sa tsufa: yaushe ne bijire wa hukuma yake zama wajibi, me ya kamata gwamnati ta tilasta da ƙarfin doka, kuma da wane harshe mabiya addinai daban-daban za su yi muhawara kan daidai da kuskure.

Tushen tunanin

Tun kafin zuwan addinin Kirista, masana a Girka suna rarrabe adalcin da mutane suka ƙulla da yarjejeniya da kuma wanda yake tabbatacce ko'ina. Aristotil ya yi wannan bambanci. Sisaro, lauya kuma ɗan siyasar Rum da aka kashe shekara 43 kafin haihuwar Almasihu, ya koyar da cewa akwai doka guda wadda ta dace da hankali mai kyau, ba ta sauyawa daga Rum zuwa Atina, kuma majalisar dattawa ba ta da ikon soke ta.

Kiristocin farko sun sami ƙofar shigar da wannan tunani a cikin Littafi Mai Tsarki. A sura ta biyu ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Manzo Bulus ya yi maganar al'umman da ba a saukar musu da Attaura ba, amma suna aikata abin da ta umarta, domin abin da shari'a ke buƙata yana rubuce a zukatansu kuma lamirinsu yana ba da shaida. A sura ta 13 ta wannan wasiƙa kuma, Bulus ya umarci masu bi su yi wa masu mulki biyayya, domin iko daga Allah yake. A sura ta biyar ta Ayyukan Manzanni, Bitrus da 'yan'uwansa sun gaya wa majalisar da ta hana su wa'azi cewa biyayya ga Allah tana gaba da biyayya ga mutane. Akasarin falsafar siyasar Kirista ƙoƙari ne na daidaita waɗannan nassoshi uku.

Agustin ɗan Afirka ta Arewa ne. An haife shi a 354 a garin da yanzu ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba ta yau. Shi ne ya bayyana cewa a ganinsa dokar da babu adalci a cikinta ba ta cancanci sunan doka ba. A wani wurin ya kwatanta daular da aka cire wa adalci da babbar ƙungiyar 'yan fashi, tun da su ma 'yan fashi suna da shugaba, suna da ƙa'idar raba ganima, suna kuma da yankin da suke iko da shi. Abin da zai bambanta gwamnati da su shi ne adalci kaɗai.

Dokoki huɗu na Akwinas

Wanda ya tsara wannan gado ya zama ginannen ilimi shi ne Toma Akwinas, malami ɗan Italiya na ɗarikar Dominikan, wanda ya rayu daga wajen 1225 zuwa 1274. A babban littafinsa, Summa Theologiae, ya fara da bayyana abin da ake kira doka. Sharuɗɗa huɗu ya gindaya: ta zama tsari ne na hankali, ta nufi maslahar jama'a baki ɗaya, ta fito daga wanda aka ɗora wa alhakin kula da al'umma, sannan a shelanta ta kowa ya sani. Umarnin da ya rasa ɗaya daga cikinsu yana da naƙasu, komai girman hatimin da ke kansa.

Daga nan ya kasa doka gida huɗu. Ta farko ita ce madawwamiyar doka, wato hikimar da Allah yake tafiyar da dukan halitta da ita. Babu ɗan Adam da ya san ta gaba ɗaya. Ta biyu ita ce dokar halitta, wadda ya bayyana a matsayin rabon da mai hankali yake samu daga waccan madawwamiyar doka. Dutse yana faɗowa ƙasa ba da zaɓinsa ba, tsuntsu yana yin sheƙa ba tare da ya yi shawara ba, amma mutum yana gane abin da ya dace da shi, kuma yana iya bi ko ya ƙi. Saboda haka dokar halitta a wannan ma'ana ta bambanta da ƙa'idojin kimiyya, waɗanda ba wanda ke iya saɓa musu. Ita magana ce kan abin da ya kamata mutum ya yi.

Asalin ƙa'idarta shi ne a nemi alheri a aikata shi, a guje wa sharri. Sauran ƙa'idoji suna fitowa ne daga abubuwan da ɗabi'ar mutum ke karkata gare su. Yana son ya rayu kamar kowane mai wanzuwa, don haka kare rai wajibi ne. Yana haihuwa yana renon 'ya'ya, don haka tarbiyyarsu nauyi ne a wuyansa. Yana da hankali, don haka yana neman gaskiya game da Allah kuma yana buƙatar zama da mutane ba tare da cutar da su ba. Akwinas ya yarda cewa da zarar an sauko daga manyan ƙa'idoji zuwa ƙananan al'amura, kuskure yana yawaita. Ya ba da misali da ajiya: ƙa'ida ita ce a mayar wa mai ita, amma idan ya zo karɓa ne domin ya yaƙi ƙasarsa da ita, mayarwar ta zama rashin hankali. Ya kuma yarda cewa mummunar al'ada tana iya rufe wa al'umma guda ido har su daina ganin laifin abin da yake laifi.

Ta uku ita ce dokar ɗan Adam, wadda sarakuna da majalisu ke kafawa. Hanya biyu take fitowa daga dokar halitta. Wani lokaci sakamako ne kai tsaye, kamar haramta kisa. Wani lokaci kuma fayyacewa ce, kamar yadda magini ya san dole gida ya sami ƙofa amma faɗinta da tsawonta zaɓinsa ne. Dokar hanya misali ce mai kyau. Hankali yana buƙatar a kare rayukan matafiya, amma bai ce a bi dama ko hagu ba. Ingila tana tuƙi ta hagu, Najeriya ta koma dama a 1972, kuma babu wadda ta saɓa wa adalci. Sai dai da zarar hukuma ta zaɓa, bin zaɓin ya hau kan kowa.

Ta huɗu ita ce saukakkiyar doka, wato abin da Allah ya bayyana ta hanyar wahayi, a Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Akwinas ya raba umarnin Attaura kashi uku: na ɗabi'a, na ibada, da na shari'ar zaman al'ummar Isra'ila. A koyarwarsa, na ibada da na shari'a sun ƙare da zuwan Almasihu, na ɗabi'a kuwa, waɗanda Dokoki Goma suka tattara, suna nan daram domin tun asali na dokar halitta ne. Wannan ne dalilin da ya sa akasarin Kiristoci ba sa bin ƙa'idojin abinci na Littafin Firistoci amma suna riƙe da haramcin sata da shaidar zur.

Amfanin wahayi ga mai hankali

Idan hankali yana iya gano daidai da kuskure, mene ne amfanin saukar da doka? Akwinas ya kawo dalilai huɗu. Na farko, makomar da aka halicci mutum dominta, wato rai madawwami tare da Allah, ta fi ƙarfin abin da hankali zai hango da kansa. Na biyu, hukuncin mutane yana da rauni, shi ya sa masu hankali suke saɓa wa juna, dokokin ƙasashe ma suke karo da juna. Na uku, alƙali ba ya ganin zuciya, yana hukunta aiki ne kawai, alhali nagarta tana buƙatar niyya mai kyau. Na huɗu, dokar ɗan Adam ba za ta iya hana kowane sharri ba, domin garin tumɓuke shi duka za ta tumɓuke alherai masu yawa.

Dalili na huɗu yana da nauyi a siyasa. Akwinas ya koyar da cewa ba aikin hukuma ba ne ta haramta kowane zunubi. Ana yin doka ne domin talakawan mutane, waɗanda galibinsu ba waliyyai ba ne, don haka ta taƙaita ga manyan laifuffukan da mafi yawan jama'a za su iya bari, musamman masu cutar da wasu, irin su kisa da sata. Idan aka ɗora wa mutane abin da ba za su iya ɗauka ba, in ji shi, sai su faɗa cikin abin da ya fi muni. A wannan tsari, zunubi daban, laifin da kotu ke hukuntawa daban, ko da yake wani lokaci suna haɗuwa.

Ya kuma tsaya kan cewa alherin Allah ba ya rushe halitta, yana kammala ta ne. Ya yi aiki da wannan ƙa'ida a kan wata tambaya ta zamaninsa: ko ya halatta a yi wa 'ya'yan Yahudawa baftisma ba da yardar iyayensu ba? Ya ce bai halatta ba, domin haƙƙin iyaye a kan ƙaramin ɗansu na dokar halitta ne, kuma kishin addini ba ya soke shi.

Umarni ne ko hikima?

Akwai tsohuwar tambaya da Aflatun ya sa a bakin Sokratis, wadda malaman Kirista suka gāda: abu yana zama mai kyau ne domin Allah ya umarta, ko Allah yana umarta ne domin abin mai kyau ne? Labarin Ibrahim, wanda Littafin Farawa ya ce an umarce shi ya miƙa ɗansa Ishaku hadaya, shi ne fagen da aka fi gwada ƙarfi. Akwinas ya ce Allah shi ne mai rai da mutuwa, don haka abin da ya umarta a nan bai shiga ma'anar kisan kai ba, kuma dokar ba ta sauya ba. Duns Scotus, wanda ya rasu a 1308, ya ce umarnin da suka shafi Allah kansa ne kaɗai ba sa sauyawa, waɗanda suka shafi mu'amala tsakanin mutane kuwa Allah yana iya ɗage su. William na Ockham, a ƙarni na 14, ya ƙara matsawa, ya ɗora nauyin wajibci a kan nufin Allah.

Kowane ɓangare yana da abin da yake tsoro. Masu fifita umarni suna gudun a mayar da Allah kamar mai bin wata doka da ke bisa kansa. Masu fifita hikima suna gudun a wayi gari kowane mai iƙirarin wahayi ya halatta ta'asa, ba tare da an sami ma'aunin da za a ƙaryata shi ba.

Jagororin Furotesta, Martin Luther da John Calvin, ba su musanta dokar halitta ba, sai dai sun nanata cewa zunubi ya dusashe hankali ƙwarai. A 1934, shekara guda bayan hawan Hitler, wannan saɓani ya fashe tsakanin malaman tauhidi biyu 'yan Suwizalan. Emil Brunner ya kare ra'ayin cewa akwai wani sani da mutum ke samu daga halitta. Karl Barth ya mayar masa da martani a ɗan littafin da ya sa wa suna “A'a!”. Barth yana kallon Kiristocin Jamus masu goyon bayan Nazi suna kiran jini da ƙabila tsarin halittar Allah, sai ya yanke cewa duk wata hanyar sanin nufin Allah da ba ta bi ta Almasihu ba ƙofa ce ta bautar gumaka.

Masu karatun ilimin tauhidin Musulunci za su ga kama. Mu'utazilawa sun ce hankali yana iya gane kyawun aiki da muninsa, Ash'arawa suka ce shari'a ce ke tabbatar da wajibci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo karewa: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne, amma sun taɓa haɗuwa a tarihi, domin Akwinas ya karanta Aristotil tare da sharhin Ibn Rushdi na Kurɗuba, yana kuma ambaton Ibn Sina da malamin Yahudawa Musa bin Maimun a rubuce-rubucensa.

Gwajin da aka yi a nahiyar Amurka

A Disambar 1511, wani limamin Dominikan mai suna Antonio de Montesinos ya hau mumbari a Santo Domingo ya gaya wa Sifaniyawa 'yan mulkin mallaka cewa suna cikin babban zunubi saboda bautar da 'yan asalin tsibirin. Hujjarsa ita ce su ma mutane ne masu hankali. Maganar ta kai fadar sarki, kuma a 1512 aka fitar da dokokin Burgos, waɗanda suka yi ƙoƙarin rage cin zalin ba tare da kawar da tsarin ba.

A 1539, Francisco de Vitoria ya gabatar da laccoci a Jami'ar Salamanca inda ya yi amfani da ƙa'idojin Akwinas. Ya ce 'yan asalin nahiyar su ne masu ƙasarsu da dukiyarsu na haƙiƙa, rashin bin addinin Kirista bai ƙwace musu wannan haƙƙi ba, Fafaroma ba shi da ikon kyautar da ƙasarsu, kuma ƙin karɓar bishara ba dalilin yaƙi ba ne. Ga wanda ya yi imani cewa addininsa ne kaɗai gaskiya, wannan babban mataki ne, domin ya amince cewa wanda ba ya cikin addinin yana da haƙƙin da addinin kansa ya wajabta a kiyaye.

Amma takobin yana da kaifi biyu. Vitoria ɗin nan ya ce akwai haƙƙin tafiya da ciniki da wa'azi a ko'ina, kuma wanda aka hana shi da ƙarfi yana iya kare kansa da yaƙi, abin da ya buɗe wa masu mamaya wata ƙofar. A muhawarar Valladolid ta 1550 zuwa 1551, Juan Ginés de Sepúlveda ya kafa hujja da Aristotil cewa wasu mutane bayi ne bisa halittarsu, Bartolomé de las Casas ya ƙaryata shi. Shi kansa Las Casas ya taɓa ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka su maye gurbin 'yan asalin nahiyar, shawarar da ya yi nadamarta daga baya.

Daga coci zuwa kotu

Yaƙe-yaƙen addini a Turai sun sa dokar halitta ta sami sabon aiki. Katolika da Furotesta ba su yarda da fassarar juna ta nassi ba, don haka ana buƙatar ma'aunin da duka za su karɓa. A 1625, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, masanin shari'a ɗan Holan Hugo Grotius ya wallafa littafinsa kan dokar yaƙi da zaman lafiya, inda ya ce ƙa'idojin za su ci gaba da aiki ko da an ƙaddara babu Allah, ƙaddarawar da shi kansa ya kira mummunan saɓo. Daga wannan hanya aka gangaro zuwa John Locke da batun haƙƙoƙin da aka haifi mutum da su, har zuwa sanarwar 'yancin kan Amurka ta 1776.

A ƙarni na 19 wani ra'ayi ya rinjayi makarantun lauyoyi, mai cewa doka ita ce abin da mai iko ya kafa, kyawunta ko muninta kuwa wata magana ce daban. Mulkin Nazi ya girgiza wannan ra'ayi, domin an yi ƙwace da wariya da takardun doka a hannu. A 1946, Gustav Radbruch, tsohon ministan shari'ar Jamus, ya ba da ma'auni: alƙali ya bi rubutacciyar doka ko da tana da aibi, sai fa idan zaluncinta ya kai matakin da ba za a iya jurewa ba, a nan ta rasa matsayinta. Kotunan Jamus sun yi aiki da wannan ma'auni bayan yaƙi, suka sake ɗauko shi a shekarun 1990 wajen shari'ar masu gadin iyakar Jamus ta Gabas da suka harbe masu tserewa.

Lokacin da ake shirya sanarwar haƙƙoƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita ranar 10 ga Disambar 1948, akwai almajiran wannan makaranta a kusa. Charles Malik na Labanan yana cikin masu tsara daftarin, Jacques Maritain na Faransa kuma yana cikin masanan da UNESCO ta tuntuɓa. Maritain ya lura cewa mutane masu aƙidu mabambanta suna iya yarda da jerin haƙƙoƙi ɗaya, saɓaninsu yana tashi ne idan aka tambaye su dalili.

Sukar da ake yi

Suka ta farko ta David Hume ce, a ƙarni na 18: bayanin yadda abu yake ba ya haifar da hukuncin yadda ya kamata ya kasance. Masu kare dokar halitta na zamani, irin su John Finnis a littafinsa na 1980, sun amsa da cewa hankali yana gane wasu alherai kai tsaye, kamar rai da ilimi da abota, ba sai ya ciro su daga nazarin jikin mutum ba.

Suka ta biyu ta fi zafi: wa zai faɗi abin da halitta ta ce? Sau da yawa abin da mutum ya saba da shi ne yake kira halitta. Akwinas da kansa ya karɓi bauta a matsayin tsarin da mutane suka ƙara don amfani, ya kuma yarda a kashe wanda ya dage kan bidi'a. Cocin da ke girmama shi ya fitar da sanarwar 'yancin addini a 1965, kuma a 2018 Fafaroma Francis ya sauya koyarwar katekizim ta ce hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne. Masu goyon baya suna cewa fahimta ce ta ƙaru, masu suka suna cewa wannan shaida ce cewa ma'aunin yana bin zamani.

Suka ta uku ta fito fili a 1968, lokacin da Fafaroma Paul na Shida ya kafa hujja da dokar halitta ya tabbatar da haramcin magungunan hana ɗaukar ciki, alhali mafi yawan 'yan kwamitin da aka naɗa don nazarin batun sun ba da shawarar sassauci, kuma bishop-bishop na Angilikan sun yi sassaucin tun 1930. Idan hujjar ta hankali ce da kowa zai iya gani, me ya sa masu hankali da yawa, har a cikin cocin, ba su gan ta ba?

Sawun tunanin a dokokin Najeriya

Turawan Ingila sun bar wa kotunan Najeriya wata ƙa'ida da ke da dangantaka da wannan gado: ana aiki da dokar gargajiya matuƙar ba ta ci karo da adalci na asali da daidaito da lamiri mai kyau ba. A 1932 wata kotu ta yi amfani da ita ta ƙi bin al'adar da ke mallaka wa wanda ya biya sadaki 'ya'yan da matar ta haifa wa wani. A 2014 Kotun Ƙoli ta rushe al'adun da ke hana 'ya mace gādon mahaifinta da kuma masu korar matar mamaci daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba, ta dogara da sashe na 42 na tsarin mulki a shari'a ɗaya, da wannan tsohuwar ƙa'ida a ɗayar. Masana shari'a na Afirka sun daɗe suna nuna ɗaya fuskar: a zamanin mulkin mallaka, lamirin da ake aunawa da shi na alƙalin Bature ne.

Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin addini da lamiri. A ƙasar da Musulmi da Kirista suke zaune a majalisa ɗaya, nassin da wani ya kawo ba ya zama hujja a kan wanda bai yi imani da shi ba. Bambancin da Akwinas ya yi tsakanin abin da hankali ke iya nunawa kowa da abin da sai mai imani yake karɓa yana ba da hanyar tantance irin dalilin da ya dace a kawo a zauren da ya haɗa kowa.

Sharuɗɗan bijirewa

Wannan koyarwa ba ta ba kowa lasisin karya dokar da ba ta yi masa daɗi ba. Akwinas ya ce doka tana zama ta zalunci idan an yi ta don amfanin mai mulki, ko mai yin ta ya wuce ikonsa, ko ta raba nauyi ba bisa daidaito ba. Irin wannan ba ta ɗaure lamiri, amma wani lokaci ya fi kyau a jure ta idan bijirewar za ta jawo fitinar da ta fi ta muni. Dokar da ke tilasta wa mutum ya aikata abin da Allah ya haramta ce kaɗai ya ce ba a bin ta ko ta halin ƙaƙa. Jure zalunci da aikata zalunci ba matsayinsu ɗaya ba.

King ya ƙara nasa sharuɗɗan: a karya dokar a fili, ba da ƙiyayya ba, kuma a shirya karɓar hukunci. A 1964 Amurka ta kafa dokar haƙƙin farar hula wadda ta haramta wariya a wuraren jama'a. Duk da haka, a 1967 Kotun Ƙolin ƙasar, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta tabbatar da hukuncin da aka yanke masa na raina umarnin kotu, bisa dalilin cewa kamata ya yi ya ƙalubalanci umarnin a gaban alƙali kafin ya saɓa masa. A ƙarshen Oktoban wannan shekara King ya koma Alabama, ya miƙa kansa, ya yi 'yan kwanaki a kurkuku.